Hajo da Dodon Buhun Gyaɗa

Idan ka shiga Beli da hantsi ka ji wata ƙara ta tashi daga unguwar da ke bayan masallaci, ka ga kaji sun watse, jakin da ke ɗaure ya ɗaga kunne, kada ka tsaya tambaya. Hajo ce take dariya.

Ni taubashinta ne. Mahaifina da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara nake da izinin tsokanarta, ita ma take da nata, kuma har yau da muka yi furfura ba mu daidaita a kan wane ne bawan wani ba. Sunana Mijinyawa, tela ne ni a Rogo. Duk abin da zan faɗa a kanta a nan na riga na faɗa mata ido da ido, ta kuma rama da wanda ya fi shi zafi.

Hajo gajeriya ce, ba ta da jiki, in ka gan ta sai ka ce iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta. Ban san inda take ajiye muryar nan ba. Sana'arta ƙuliƙuli da man gyaɗa, abin da ta gada wajen uwarta. Da mijinta Malam Zubair ya rasu ya bar mata yara ƙanana, da kaskon suyan nan ta rene su, ta aurar da na aurarwa, ba ta taɓa zuwa ƙofar wani ta yi kuka ba. Ranar kasuwar Rogo tun kafin ta sauke kaya masu saye sun kewaye ta, wasu don ƙuliƙulin, wasu don su ji abin da zai fito daga bakinta. Ƙuliƙulin nata dai akwai tauri. Ni ya ci min haƙori, amma ta ce tsufa ne, kada in ɓata mata sana'a.

Dariyarta ba ta zuwa gaba ɗaya. Da farko sai ta yi shiru, bakin a buɗe, ba sauti, kafaɗu kawai suke rawa. Wanda bai san ta ba sai ya ɗauka wani abu ne ya shaƙe ta, ya ruga neman ruwa. Can sai ta ja numfashi, ta ce “wayyo,” sannan abin ya fashe. Hawaye ya zubo, ɗankwali ya zame, kuma duk wanda yake zaune a hannun damanta ya shiga uku, don da duka take rakiyar dariyar. Matan Beli sun daɗe da sanin haka. A gidan biki za ka ga an matsu ko'ina, amma gefen damar Hajo fili ne fetal, har akuya za ta iya kwanciya.

A hankali mata suka mayar da ita ma'auni. In wata ta yi barkwanci a taro, ba a dariya sai an saci kallon Hajo tukuna. In kafaɗunta sun motsa, gida ya ɗauka. In ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, mai barkwancin sai ta kama gyaran goyo.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba, ni na lura, shi ne Hajo matsoraciya ce ta gaske. Wata shekara da kaka ta shiga ɗakin da take ajiye gyaɗa, ta zura hannu bayan buhu, ta shafo wani abu mai kaushi, mai sanyi, mai numfashi. Ihun da ta yi sai da ya tsayar da masu sussuka a masussuka. Ta fito a guje ta haye turmin da ke kife a tsakar gida, tana salati, tana kiran sunan kakanninmu. Maza suka shigo da sanduna. Ana cikin shawarar wanda zai fara shiga, sai ga wani tsohon guza ya fito yana jan ciki a hankali, ya tsaya ya ɗaga kai ya dube ta a kan turmi, ya juya ya fice ta rariya abinsa. A kan turmin nan ta fara dariyar, a ƙasa ta ƙarasa ta. Tun daga ranar na gane duk wata babbar dariyar Hajo sai da gabanta ya faɗi kafin ta zo.

Mutum biyu ne kawai a duniya ba su taɓa samun dariyar nan fuska da fuska ba: 'yarta ta fari, Bahijja, da mijin Bahijjar, Ashiru.

Kakanninmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare, Fulatancin ma ya gudu daga bakin yawancinmu, amma kunya tana nan ba ta je ko'ina ba. Tun ranar da aka raɗa wa Bahijja suna, Hajo ba ta taɓa furta shi ba. “Waccan” take ce mata, ko “ke.” Ba ta yabonta, ba ta wasa da ita, in ta zo gida abin da za ta fara ji shi ne ta rame ko ɗaurin ɗankwalinta bai yi ba. Amma Allah ya sani, ni ma na sani, duk cikin 'ya'yanta babu wadda take so kamarta. Man gyaɗan da ya fi kyau ba ya zuwa kasuwa, Karaye yake tafiya, inda Bahijjar take aure, da saƙon “a kai wa mutanen can.” In an kwana biyu Bahijja ba ta leƙo ba, Hajo sai ta kama faɗa da kaji, ƙuliƙuli ya ƙone.

Shi kuwa Ashiru, “na Karaye” take ce masa. In ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake cire takalmi, ya tsuguna can nesa da ƙofar ɗakinta, kai a ƙasa. Ita tana ciki bayan labule, ta sauke muryar nan tata har sai ka kasa kunne.

“Lafiya lau. Madalla. A gaida mutan gida.”

Shekara da shekaru hirarsu ke nan, ba ragi ba ƙari.

Ashiru yaron kirki ne, yana da shagon gyaran waya da tura fina-finai a Karaye. Matsalarsa ɗaya, yana da ciwon fim. Shi da abokansa sukan ɗauki 'yan gajerun wasanni da waya su watsa, mutane su kalla su wuce. Da ya ga samari da matan aure kullum fina-finan ban tsoro suke nema a tura musu, masu fatalwa da dogayen farata da jajayen idanu, sai ya ce shi zai yi dogon fim wanda zai mayar da irin waɗannan abin dariya. Ya ce garin nan sai an riƙe ciki.

Wajena ya zo ɗinkin kayan dodo. Na haɗa buhunan gyaɗa na yi masa riga har ƙasa da hular da ta rufe fuska, muka samo ƙahon sa wajen mahauta na ɗaure a kai, na yi wutsiya da igiyar rama. Ba yabon kai ba, kayan sun yi. Da na rataye su a shago, wata mata da ta kawo ɗinkin zane daga ƙofa ta juya.

Na je kallon ɗaukar fim ɗin a gefen dam. Ashiru ne da kansa ya sa kayan. Dodon nasa wai mura yake yi. Tun fitowar farko da rawa ya fito, ya yi atishawa, ya share hanci da wutsiya, ya dubi kyamara ya ce, “Don Allah ku ji tsorona mana.” Waɗanda yake kora suna gudu suna ƙyalƙyala dariya. Mai riƙe da kyamarar, abokinsa Sabi'u, shi ma dariyar yake yi, hoton yana ta rawa. Da suka zo haɗawa kuma sai suka zuba wata dariyar inji a bayan kowace atishawa, ko da mai kallo zai manta inda ya kamata ya yi tasa. Mu dai da muke wajen mun sha dariya ranar, don mun san juna, ga inuwa, ga zoɓo mai sanyi.

Fim ya fita. Ashiru ya tura wa duk wanda ya shigo shagonsa, ya zauna yana jiran gari ya ɗauka. Gari bai ɗauka ba. Mutane sukan dawo su ce masa, “Mun gani. Sannu da ƙoƙari.” Ni kuwa a sanina, in ka yi abin dariya aka ce maka sannu da ƙoƙari, gara a ce an zage ka.

Yaro ya sha kunu. Ya ce mutanen nan ba su san fasaha ba, ba su san dariya ba, zaman ƙauye ya kashe musu zuciya. Dama yana da wa a Legas da ya daɗe yana kiransa su haɗa shago. Sai ya ce da an gama girbi zai tattara iyalinsa su tafi, can ne ake sanin darajar mai basira. Ba wasa yake yi ba, har ya fara neman wanda zai bar wa shagon.

Hankalin Bahijja ya tashi. Karaye da Beli tafiyar babur ce, ka je ka dawo kafin tuwo ya huce. Legas kuwa sai dai a ji murya a waya, kuma uwar da ba ta kiran sunanka a fili me za ta ce maka a waya? Cikin neman mafita ta ce masa, “Ka bari a kai wa Inna ta gani. In akwai dariya a ciki ita za ta tono ta, in ta yi kuwa duk ƙasar Rogo sai ta yi.” Ashiru ya yarda. Ya ce in Inna ta yi dariya ya fasa tafiya, in ba ta yi ba magana ta ƙare.

Ni ba a shawarce ni ba, sai a ranar na ji. A tunaninsu na yaran zamani, mutumin da ke cikin talabijin sanye da buhu ba suruki ba ne, ɗan fim ne kawai.

Ranar da suka zaɓa ta sunan jikan Hajo ce, ɗan Abdulmumini, autanta. Bayan an ci an sha, rana ta ɗan karkata, aka kawo talabijin aka jona da batir a ƙarƙashin rumfa. Mata suka cika tsakar gida, aka sa Hajo a gaba, damanta fili kamar kullum. Maza muna zaure, Ashiru a cikinmu ya kafa kunne. Ni da yake gidan kamar nawa ne, na tsaya a ƙofar tsakiya, ina ganin ciki ina ganin waje.

Dodo ya fito da rawarsa, ya tsaya a ƙofar wani gida, ya ɗaga murya. “Salamu alaikum, masu gida! Dodo ne ya zo!”

Buhu yana rufe fuska, amma ba ya rufe murya. Na ga Hajo ta ƙame. Ta jawo mayafi ta rufe kanta ruf, ta juya ta fuskanci katanga, ta sauke murya ƙasa-ƙasa.

“Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Madalla.”

Haka ta zauna har aka gama. Dodo ya yi atishawa, ya faɗa kwata, wutsiyarsa ta maƙale a ƙaya, Hajo ko gezau. Mata su dubi talabijin, su dubi bayan Hajo, su dubi ƙasa. Babu abin da kake ji sai dariyar injin nan, ita kaɗai, tana tashi tana sauka a tsakar gidan da ya yi tsit. Wata tsohuwa ta leƙa bayan talabijin ta ce, “Wai su wane ne suke ta dariyar nan, me aka yi musu?”

Na waiwaya zaure. Ashiru ya yi tsuru-tsuru. Da aka kashe talabijin ya miƙe, ya sa takalmi, na raka shi wajen babur.

“Kawu, shi ke nan,” in ji shi. “Matar da take dariya don kaza ta yi tuntuɓe, ba ta yi wa fim ɗina ba. Me ya rage?”

Washegari da safe na koma Beli. Na sami Hajo a gindin murhu tana suya, fuska a murtuke. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta hau ni.

“Kai yanzu da furfurarka, da sanƙonka, kana tsaye aka kawo min na Karaye cikin buhu har tsakar gidana, a gaban mata? Yana rawa? So kuke in ɗaga ido in kalle shi, har in buɗe baki in yi masa dariya? In na yi haka gobe da wane ido zan amsa gaisuwarsa?”

Na ce, “Ai fim ne, Hajo.”

“Fim ɗin ne ya aure min 'ya?”

Sai na ɗauki ƙuliƙuli ɗaya. Ta buge min hannu. Sannan na gaya mata abin da ba ta sani ba: maganar Legas, da sharaɗin da aka ɗora a kan dariyarta.

Matar da ba ta taɓa barin ƙuliƙuli ya wuce lokacinsa ba in ba ranta ne a ɓace ba, tana kallo na cikin kasko ya yi baƙi. Ta ce, “To, su tafi mana. Ni ina ruwana? Waccan dama ba ta iya komai ba.” Ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Itacen busasshe ne, babu wani hayaƙi. Na tausaya mata ƙwarai, kuma shi ne karo na farko a rayuwata da na ga dama ta tsokana na bar ta ta wuce.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kuma ko ba shi ba ne a ciki, abin nan ba zai ba ni dariya ba. Idona ne a rufe, kunnena a buɗe yake. Dodon tun kafin ya fito yake wa kansa dariya. Waɗanda yake kora suna dariya. Wasu ma da ba a gani suna dariya. To ni me suka rage min? Kowa ya riga ya cinye, ni aka miƙo min kwano.” Ta kwashe ƙonannen ta zubar. “Dodon da yake roƙo a ji tsoronsa, ai sai dai a ba shi sadaka.”

Na ce, “In gaya masa haka?”

“Ka gaya masa in ji wa? Ni ban ce komai ba.”

Na hau babur sai Karaye. Na sami Ashiru yana cire allunan shago. Na ce masa ya yi kuskure biyu. Na farko, ya kai wa mace surukinta ya ce ta yi masa dariya, abin da ko da wuƙa a wuya ba za ta yi ba. Ya dafe kai ya ce wallahi ko kusa bai kawo wannan ba. Na biyu kuma, dodonsa ba ya ba da tsoro.

“Kawu, ai fim ɗin barkwanci ne. In na tsorata mutane, ina dariyar?”

Sai na ba shi labarin guza da turmi. Na ce masa da guzan nan ya fito tun farko yana rawa, da Hajo tsintsiya kawai za ta ɗauka ta kore shi, ba wanda zai tuna da ranar. Sai da ta shafo shi a duhun bayan buhu, ranta ya kai maƙogwaro, sannan da ta ga abin da ya kai ta kan turmi dariya ta zo. Na ce kayan da na ɗinka masa sun kori mace daga shagona suna rataye a ƙusa, shi ya shiga ciki ya kashe su da atishawa.

Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu. Ya ce, “To in na sake, wa zai sa kayan? Ni dai na fita.”

Na yi tunanin duk mutanen Rogo da Karaye, na ga babu wanda Hajo za ta fi so ta ga ya wulaƙanta, kuma al'ada ta ba ta dama ta yi masa dariya har ta gode Allah, in ba mutum ɗaya ba. Na ce, “Kawo buhun.”

Matata Khadija da ta ji, ta ce ita dai a gaya wa mutane ba da saninta ba ne.

A wata gonar dawa wajen Rogo Ruma muka sake ɗauka, dawa ta yi tsawo ta fi mutum, da rana tsaka. Wannan karon Ashiru ne ya riƙe kyamara, ya kuma kafa doka: duk wanda ya yi dariya ya koma gida. Babu kiɗa, babu inji. Sabi'u ya fito a manomi, shi kaɗai a gona, kuma ba a gaya masa ta inda zan ɓullo ba. Ni ma aka ce kada in yi magana, kada in yi wasa, in ɗauka da gaske ni dodo ne mai jin yunwa. Yawancin fim ɗin ma ba a ganina. Dawa ce take motsi alhali babu iska. Manomi ya tsaya, motsi ya tsaya. Ya ci gaba, motsi ya biyo shi. Can ka hango tsinin ƙaho ya wuce tsakanin kara. Sabi'u ya san ni ne, shi ya taya ni ɗaura wutsiya, amma da na numfasa a bayan kunnensa sai da ya yar da fartanya da gaske.

Yadda aka tsara ƙarshen, zan ritsa shi a jikin dangar wani gidan gona, in ɗaga hannu, sai ƙahona ya maƙale a reshe. Allah bai nufa haka ba. Na ritsa shi, na ɗaga hannu, na yi wani gurnani da ni kaina ban san ina da shi ba, na taka gaba. Ashe a gindin dangar akwai kaza mai 'yan tsaki. Ta cikin ramin buhu ban ga komai ba, sai ji na yi wani abu ya taso min da fukafukai da farata, ya kama ni a ƙwauri, ya hau ƙirji. Ba zan ɓoye ba, na ɗauka na gaske ne ya zo karɓar kayansa. Na ranta a na kare. Ƙaho ya sarƙe a danga, rigar buhu ta tsaya a can, ni na wuce, daga ni sai singileti da gajeren wando, sanƙo yana ƙyalli, kaza tana bina ina ihu a kawo agaji. Ashiru ya cije leɓe har ya fashe, amma hannunsa bai motsa ba.

Aka sa ranar da mata suka taru gidan Hajo taya ta ɓarar gyaɗa, bayan la'asar. Kafin ta yarda ta zauna sai da na rantse mata babu na Karaye a ciki, ko tarinsa babu. Ban gaya mata wanda yake ciki ba. Mata suka zazzauna, kowa ta kauce wa damanta. Bahijja ta shigo a makare daga ɗebo ruwa, ta duba babu wuri sai nan, ta zauna a ɗarare. Ashiru yana zaure shi kaɗai, ni ina ƙofar tsakiya.

Dawa ta fara motsi. Hannun Hajo ya tsaya a cikin gyaɗa. Da ƙaho ya gifta ta ce, “Innalillahi,” ta janye ƙafafunta daga bakin tabarma. Tsakar gida ta yi tsit, irin shirun da ba na ranar suna ba. Wata ta rufe wa ɗanta ido, ita tana leƙe ta tsakanin yatsu.

“Kai bawan Allah, juya!” Hajo ta daka wa talabijin tsawa. “Yana bayanka! Wane irin sakarai ne wannan, ka bar gonar mana!”

Da dodo ya fito gaba ɗaya ya ritsa manomi a danga ya yi gurnanin nan, na ga ta waiga tana neman turmi.

Sai kaza ta tashi.

Ta ga dodo ya yi tsalle. Ta ga buhu ya rataye a danga. Ta ga sanƙon da ta sani tun yana da gashi yana tsere a cikin kara. Bakinta ya buɗe, ba sauti. Kafaɗu suka fara. Mata duka suka juyo suna jira, har na fara tsoron numfashin ba zai dawo ba. Sai ta ce, “Wayyo,” abin ya fashe. Kajin gidan suka watse, tiren gyaɗa ya kife, gida ya ɗauka gaba ɗaya. Hannun dama ya tashi ya sauka a bayan wadda ke kusa, ya sake sauka.

“Bahijja! Bahijja, riƙe ni zan mutu! Dubi bawana, Bahijja, kaza ta kore shi!”

Dariyar matan ta yanke kamar an rufe famfo. Kowa ya ji. Ita kaɗai ce ba ta ji abin da ta faɗa ba, tana ta birgima tana share hawaye. Bahijja, mace da 'ya'yanta, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, ta sa hannu biyu ta rungume ta. Tana kuka tana dariya, dukan yana sauka a bayanta, ba ta kauce ba.

Na juya zaure. Ashiru ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa shi ma suna rawa. Ban tambaye shi ko wanne yake yi ba.

Da zai tafi ya shigo, ya tsuguna a inda ya saba. Hajo ta riga ta shige bayan labule. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa.

“Lafiya lau,” in ji ta. “Madalla. A gaida…” Sai muka ji wani ɗan sauti kamar an toshe baki da filo. Aka daɗe. “…mutan gida.”

Ashiru ya mayar da allunan shagonsa. Fim ɗin bai kai shi ko'ina ba, ban ji an san shi a bayan Gwarzo ba, amma a Karaye da Rogo babu wayar da ba ya ciki, kuma babu wanda ya ce masa sannu da ƙoƙari. Ni ne na kwashi kaya. Yanzu in na shiga kasuwa sai in ji wani ya yi kukan kaza a bayana, kuma na san wadda ta koya musu.

Na tsare Hajo daga baya na ce mata duk Beli ta ji ta kira sunan 'yar fari, har sau nawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ƙarya nake yi, tsoron kaza ne ya taɓa min kunne. Har gobe “waccan” take ce mata, har gobe ɗaurin ɗankwalinta bai yi ba.

Sai dai yanzu in ka je biki a Beli, filin nan na hannun damar Hajo ba ya nan. Tun kafin a shimfiɗa tabarma Bahijja take zuwa ta zauna a wajen, ta gyara zama, ta matso da bayanta kusa, tana jira.